Ranar Ista Kowa Yana Waƙa, Ni Bakina Ya Ƙi Buɗewa

Wasiƙar wannan makon daga Tumfure ta zo, nan Gombe. Na rage tsawonta, na cire sunaye.

"Mama, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Shekarata 34, ni tela ce, 'ya'yana uku. Maigidana ya rasu a watan Agustan bara bayan jinyar kwana tara. Mutumin Kaltungo ne, can muka kai shi. Tun ranar ban taɓa keken ɗinkina ba. Barci ba ya zuwa, abinci sai na tilasta wa kaina. Yayyensa sun ɗauke babur ɗin da yake achaba da shi, sun ce gonar ma ta gida ce. Kuɗin haya ya gabato, babban yarona an koro shi sau biyu saboda kuɗin makaranta. Ranar Ista na ɗaura zanen zumunta na je sujada. Da aka ɗauki waƙar tashin Yesu kowa ya miƙe yana rawa, ni bakina ya ƙi buɗewa, na fita na zauna bayan majami'a ina kuka. Wata ta biyo ni ta ce mai bi ba ya irin wannan kuka, ai mijina yana wurin Ubangiji. Da dare autana ɗan shekara 6 ya ce, 'Mama, Yesu kwana uku ya yi ya tashi, me ya sa Baba bai tashi ba har yanzu?' Na rasa abin ce masa. Wani lokaci nakan ce da ma na bi shi na huta. Mama, bangaskiyata ce ta mutu? Kuma me tashin matattu zai yi mini yau, ga hayar gida a kaina?"

'Yata, sannu. Sannu da wannan babban rashi, sannu da ɗawainiyar yara. Ubangiji ya ta'azantar da ke, ya raya abin da marigayi ya bari.

Akwai maganar da kika saka a tsakiyar wasiƙar kamar ba komai ba, ita ce ta fi tsaya mini a rai: da ma kin bi shi kin huta. Na san maganar nan, bakina ya taɓa faɗinta. Sau da yawa gajiya ce ke magana. Annabi Iliya ma ya zauna a gindin wani itace a jeji ya roƙi Allah ya ɗauki ransa, Allah kuwa bai yi masa faɗa ba. Mala'ika ya aiko da gurasa da ruwa, ya ci, ya koma ya kwanta, aka sake tashinsa ya ƙara ci (1 Sarakuna 19). Amma idan tunanin ya fara samun wurin zama, yana dawowa kullum, ko har kin fara tunanin yadda za ki yi, kada ki kwana da shi ke kaɗai ko da dare ɗaya. Ki faɗa wa Mama Fasto ko wata 'yar'uwa da kika amince da ita, ta raka ki ki ga likita, a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe ko duk asibitin da ya fi miki kusa. Wata takwas babu barci, babu cin abinci, babu aiki, abu ne da likitoci suka sani kuma suna da taimakon da za su yi. Zuwa wurinsu bai rage miki komai a gaban Allah ba.

Bangaskiyarki tana nan. Wadda tata ta mutu ba ta ɗaura zanen zumunta ta kama hanyar majami'a cikin zafin bazara da zuciya a karye.

Ita 'yar'uwar da ta biyo ki, na yarda da kyakkyawar niyya ta zo, amma ta yi kuskure, kuma kuskuren nan ya yi yawa a cikinmu. Mun mai da ayar ta'aziyya sandar dukan mai makoki. Ki buɗe Yahaya sura 11. Li'azaru ya kwana huɗu a kabari kafin Yesu ya iso Betanya. Marta ta tarye shi a hanya da ƙorafi a bakinta: da kana nan, da ɗan'uwana bai mutu ba. 'Yar'uwarta Maryamu ta zo ta maimaita maganar nan ɗaya. Bai tsawata wa ko ɗayarsu ba. Ya san nan da ɗan lokaci zai kira Li'azaru ya fito da ƙafarsa, duk da haka da ya ga masu kuka, shi ma ya yi hawaye. To wa ya fi Yesu sanin tashin matattu, har da zai hana ki abin da shi ya yi? Ayar da ake yawan jefa wa gwauraye, 1 Tasalonikawa 4:13, ita ma ba ta hana baƙin ciki ba. Cewa ta yi kada namu ya zama irin na waɗanda ba su da bege. Da aka jajjefe Istifanas, mutane masu tsoron Allah ne suka binne shi, kuma an rubuta cewa sun yi masa makoki mai zafi. Bulus da kansa abokiyar gaba ya kira mutuwa, ta ƙarshe da za a hallaka. Abokiyar gaba ta shigo gidanki ta ɗauke uban 'ya'yanki, ba za a ce ki yi mata guɗa ba.

Nawa maigidan shekara 17 ke nan da rasuwarsa, muna zaune a Billiri a lokacin. Kusan wata uku ina kwashe tuwo in zuba a kwanonsa mai murfi, in ɗora a kan tebur, sai hannuna ya saki kwanon sannan in tuna. Masu ta'aziyya sun zo da ayoyi da yawa, Allah ya saka musu, amma kunnena a toshe yake. Wadda ta fitar da ni wata tsohuwa ce a zumuntar mata da ko harafi ɗaya ba ta iya karantawa ba. Duk ranar Talata sai ta shigo da ƙwarya cike da gyaɗa, ta shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ta turo mini rabi ta ce, "Ɓare." Shi ke nan. Muna ɓara, ina kuka, hawaye na ɗiga cikin ɓawon, ita ba ta ɗaga kai. Idan na kai ɗaya baki sai ta buge mini hannu ta ce wannan iri ne, ba na ci ba. Da ruwa ya sauka ta zo tun asuba ta ce in ɗauko fartanya. Tun daga nan na gane abin da ake nufi da zumunta a ƙafa take. Ki duba cikin zumuntarku, akwai irin wannan tsohuwar. Takan zauna a baya, ba ta yawan magana.

Game da waƙar da ta ƙi fita, ki karanta labarin Ista ta farko a hankali ki gani ko akwai wanda ya kaɗa tulu a ranar. Matan da suka yi sammakon zuwa kabari kayan shafe gawa suka ɗauka, gawa suka je nema. Markus ya ce da suka ji labarin sai suka fita da gudu suna rawar jiki don tsoro. Mazan kuwa suna ɗaki sun kulle ƙofa. Biyu sun kama hanyar Imuwasu, wajen mil 7 daga Urushalima, fuska a murtuke, suna cewa dā sun sa zuciya Yesu ne zai fanshi Isra'ila. Toma ya yi mako guda bai yarda ba. Har a kan dutsen Galili, wanda muke tunawa idan mun fita ranar Litinin ta Ista, Matiyu ya ce sun yi masa sujada amma waɗansu sun yi shakka. Wadda ya fara bayyana gare ta kuwa, Maryamu Magadaliya, tana tsaye a waje tana kuka, hawaye ya hana ta gane shi har ta ɗauka mai lambu ne. Da sunanta ya kira ta, nan ta gane. Duk lokacin da na karanta wurin nan yanzu, zan riƙa ganin ki a bayan majami'a da zanen zumunta a jiƙe. A ranar Ista ta farko, irin wurin da kika zauna ne ya fara zuwa.

Tambayarki ta biyu ita ce mai nauyi, kuma na ji daɗi da kika yi ta da hayar gida a ciki, don wurinta ke nan.

Da yawa daga cikinmu idan aka ce tashin matattu, abin da muke ji shi ne rai ya rabu da jiki ya tafi sama ya huta. Abin da manzanni suka yi shela ya wuce haka, shi ya sa da Bulus ya faɗe shi a Atina waɗansu suka yi masa ba'a. Cewa suka yi jikin nan da aka sa a ƙasa, Allah zai tashe shi. Yesu da ya shigo ɗakin da suke, suka firgita suna tsammani fatalwa ce, sai ya ce su taɓa shi su gani, fatalwa ba ta da nama da ƙashi. Sannan ya yi tambayar da ba na gajiya da karantawa: kuna da wani abinci a nan? Suka miƙa masa guntun gasasshen kifi ya ci a gabansu (Luka 24:36-43). Wata rana kuma a bakin tekun Tibariya, sun kwana suna su ba su kama komai ba, gari ya waye sai ga shi a gaɓa ya hura gawayi, kifi na kai, ga gurasa a gefe. Tarun ya fito da manyan kifaye 153, har an ƙirga. Wanda ya ci nasara a kan mutuwa ya durƙusa yana fifita wuta don mutanen da suka kwana da yunwa. Kuma tabon ƙusoshi yana hannunsa, bai goge ba, da shi ma Toma ya gane shi. Idan jiki yana da daraja a wurin Allah har zai tashe shi daga turɓaya, to cikin yaranki da rufin da ke kanku da barcin da ya ƙaurace miki ba ƙananan abubuwa ba ne da za a ce ki manta ki dubi sama.

Ga wani abu da na daɗe ban lura da shi ba. 1 Korantiyawa 15 ita ce babbar surar tashin matattu, aya 58. Da Bulus ya gama yi wa mutuwa kirarin kaye, yana tambayarta ina nasararta ina dafinta, maganar da ta biyo baya a farkon sura 16 ta kuɗi ce: kowace ranar farko ta mako kowa ya ware wani abu gwargwadon samunsa, a tara wa 'yan'uwa na Urushalima. Shi bai raba wasiƙarsa sura-sura ba, sai a ƙarni na 13 aka yi wannan rabon. A numfashi ɗaya ya fito daga kabarin da babu kowa ya shiga maganar gudummawa. Haka a Ayyukan Manzanni sura 4: aya ta 33 manzanni suna shaidar tashin Ubangiji da iko, aya ta 34 babu mai rashi a cikinsu. Da aka fara tsallake waɗansu gwauraye a rabon abinci na kullum, ƙorafi ya tashi, ba a ce su yi haƙuri ba, mutum 7 aka zaɓa musamman don aikin. Saboda haka ki je wurin dattawan ikilisiyarku ki faɗi adadin hayar da na makaranta da bakinki, da ranar da za a biya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Haƙƙinki ne a cikin jikin Almasihu, ba bara kika je ba. Ku kuma dattawa da ke karanta wannan, ikilisiyar da ta iya sayen sabbin lasifika don Ista ta iya biya wa maraya kuɗin zango ɗaya. Yakubu 1:27 tana nan ba ta tsufa ba.

Maganar babur da gona kada ki bar ta ta kwana da yawa, damina na ƙaratowa, duk wanda ya riga ya sa garma a gonar zai ce tasa ce. Ki nemo rasit ɗin babur da takardunsa ki adana. Ki fara da zumunci: dattijo ɗaya daga ikilisiyarku, ɗaya daga ta can gida, da babba a dangin marigayi wanda ake jin maganarsa, a zauna. Ki tafi da babban yaronki su gan shi da idonsu. Idan gonar gado ce da ba a raba ba, a nemi a ware wa 'ya'yansa inda ubansu yake nomawa. Idan shi ya saya, maganar ma ta fi sauƙi. Duk abin da aka amince a rubuta, shaidu su sa hannu. In sun ƙi, akwai mai unguwa da hakimi, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, akwai hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta. A 2014 Kotun Ƙoli ta Najeriya, a wata shari'a da ta taso daga Awka a jihar Anambra, ta yi watsi da al'adar da ke raba gwauruwa da gidan mijinta. Na faɗa miki ne don ki san doka ba ta juya miki baya ba, ko da yake fatana a gama a kan tabarma, don yaran nan jininsu ne kuma gobe za su nemi baffanninsu. Ki gafarta musu a zuciyarki, amma gafara ba ta ce ki bar abincin marayu a hannun wani ba.

Keken kuma, 'yata, ki yaye zanen da kika rufe shi da shi. Kada ki karɓi aikin kowa tukuna. Ki goge ƙura, ki ɗiga mai, ki sa zare, ki ɗinke yagaggen wandon makarantar auta. Ranar farko wataƙila kuka zai hana ki ganin allura, ki tashi ki bari, gobe ki koma. A Yafa akwai wata mai bi, Tabita, da ta rasu, Bitrus ya zo, gwauraye suka kewaye shi suna kuka suna nuna masa riguna da tufafin da ta ɗinka tun tana da rai. Allah ya tashe ta, aka mai da wa gwaurayen nan telarsu (Ayyukan Manzanni 9). Ayar ƙarshe ta waccan babbar sura, 1 Korantiyawa 15, ma a kan aiki ta sauka, cewa wahalarmu cikin Ubangiji ba a banza take ba. Ina ɗaukar cewa har da ƙafarki a kan feda.

Saura tambayar auta. Yaron nan ya yi tambayar da manya suke tsoron yi, ki gode wa Allah da shi. Kada ki ce masa Baba ya yi tafiya, zai riƙa tsayuwa a ƙofa duk sa'ad da ya ji ƙarar babur. Kada kuma ki ce barci yake yi ki tsaya nan, yaro ɗan shekara 6 zai iya jin tsoron kwanciya. Ki faɗa masa gaskiya daidai kunnensa: Baba ya mutu, jikinsa yana Kaltungo inda muka sa shi, shi kuwa yana wurin Yesu, kuma rana na zuwa da Yesu zai tashe shi da sabon jiki wanda ba ya ciwo. In ya ce yaushe, ki ce Yesu ya ce Uba kaɗai ya san ranar. In ya ga hawayenki babu laifi, ki ce kina kewar Baba ne, shi ma in ya ji kewa ya zo ya faɗa miki.

Harshenmu ya riga ya ba mu kalmar da za ta taimake ki. Manoman gero na wajen Dukku da Nafada, idan sun ga damina ta kusa, sukan shiga gona tun ƙasa na bushe ƙurmus, su sara, su zuba iri, su take da diddige. Sunan wannan shukar binne. Kalma ɗaya ce da wadda muke faɗa a bakin kabari. Irin nan kuwa zangarniya ce mafi kyau da aka ware tun kaka, aka hana yara ko da yunwa ta shigo gida. Mai wucewa da bai san noma ba zai ce mutumin nan ya zubar da abincinsa a turɓaya. Bulus da wannan misalin ya amsa wa masu tambayar da wane irin jiki matattu za su tashi: abin da ka shuka ƙwaya ce tsirara, Allah ne ke ba ta jiki yadda ya nufa, ana shuka shi da rauni, ana tashe shi da iko. Ƙasar da kuka sa mijinki a ciki, tun 1917 da 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka Kaltungo ake binne masu bi a cikinta da wannan begen, kakanni da iyaye, sahu bayan sahu.

Maƙwabtanmu Musulmi ma sun gaskata da tashin ƙiyama, kuma na tabbata akwai cikinsu waɗanda suka kawo miki kwanon abinci a kwanakin makoki. Abin da mu Kirista muka riƙe shi ne cewa an riga an fara, da mutum ɗaya, a ranar farko ta mako. Bulus ya kira Almasihu nunan fari na waɗanda suka yi barci, ya kuma ce kowa da nasa layin: Almasihu tukuna, sannan nasa a lokacin zuwansa (1 Korantiyawa 15:20-23). A gona mun san nunan fari, shi ne tumu. Kan gero guda ya riga sauran nuna, a karyo shi a gasa, alhali gonar duk tana kore. Manomin da ya ɗanɗana tumu bai kai komai rumbu ba tukuna, amma ya san gonar ta yi. Amsar auta ke nan: Yesu ne tumu, Baba yana cikin gonar.

Agusta mai zuwa shekara guda ke nan da rasuwar, kuma wajen lokacin ne gero ke fara nuna. Ki kwashi yaran ku je gida, ku tsaya a kabarin, ku yi kukanku, ku yi addu'a. Daga nan ki nemi mai gero ya karyo muku kai ɗaya. Ki babbaka shi a wuta, ki ba auta ya murza a tafin hannunsa, ya hure ƙaiƙayin, ya ci. Sannan ki ɗaga shi ya ga sauran gonar. Ki gaishe mini da su duka, ki kuma rubuto mini yadda zaman dangin ya ƙare.